Yadda za ka haɗa wasan kamun kifi na Argungu da injin Godot, daga kwamfuta har zuwa waya

Yaranmu na Birnin Kebbi da Jega da Argungu suna cinye cajin waya a kan wasannin da aka haɗa a ƙasashen waje, alhali kamun kifin Matan Fada kaɗai ya ishi mutum ya fitar da wasan da za a yi ta rububinsa. Duk abin da wasa ke buƙata yana cikinsa: ga taron masunta, ga homa da gora, ga lokaci ƙayyadadde, ga kuma giwan ruwan da kowa ya shiga ruwa dominsa. Bikin da aka fara tun 1934, wanda UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, bai kamata a ce sai baƙo ne zai zo ya mayar mana da shi wasan waya ba. Abin da ke tsorata matasa shi ne zaton sai ka iya lissafi mai zurfi ko ka mallaki kwamfuta ta miliyoyi. Injin haɗa wasa na zamani ya riga ya ɗauke mafi nauyin aikin.

Injin wasa manhaja ce da ke yin ayyukan da kowane wasa ke bukata ba tare da ka rubuta su ba. Shi ke zana hoto a fuskar waya sau 60 a daƙiƙa, shi ke gane cewa abu biyu sun yi karo, shi ke jin yatsa ya taɓa gilashi, shi ke kunna sauti, kuma a ƙarshe shi ke naɗe komai ya zama fayil ɗin da waya za ta buɗe. Kamar keken ɗinki ne: ba kai ka ƙera shi ba, amma yanka da fasalin rigar naka ne. Abin da ya rage maka shi ne dokokin wasan, da hotuna, da sauti.

Wane inji za ka ɗauka

Uku ne sunayensu suka fi yawo. Unreal Engine na kamfanin Epic Games shi ne sarkin kyan hoto. Na biyar ɗinsa da ya fito a 2022 ya zo da Nanite da Lumen, waɗanda ke sa duwatsu da haske su fito tamkar an ɗauka da kyamara, kuma ba ya karɓar ko kwabo sai wasanka ya samar da dala miliyan ɗaya, daga nan ya riƙa cirar kashi 5 cikin 100. Amma yana cin gigabait masu yawa, kuma laftof ɗin ɗalibi ba za ta iya jansa ba. Unity, wanda ya fito tun 2005, da yaren C# ake rubuta masa umarni, kuma ɗimbin wasannin waya da shi aka yi su. A watan Satumban 2023 kamfanin ya sanar da wani sabon caji a kan yawan sauke wasa, masu haɗa wasanni suka yi ca, daga baya ya soke shi a 2024. Wannan hayaniya ta kora mutane da yawa zuwa na ukun, wato Godot.

Ni Godot nake ba ɗan Kebbi shawara ya fara da shi, kuma ba don son kai ba. Wasu 'yan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, su suka fara shi, suka sake shi kyauta ga kowa a 2014 a ƙarƙashin lasisin MIT. Ma'anar wannan ita ce ko wasanka ya kawo maka kuɗi, babu mai zuwa ya ce a ba shi kaso. Saukewarsa ba ta cinye data, ba ya buƙatar a girka shi, kana iya ɗaukarsa a filash ka kai wa aboki, kuma yana aiki ba tare da intanet ba. Har a Play Store akwai shi, ga wanda waya kaɗai yake da ita, ko da yake rubutu da yatsa a ƙaramin gilashi akwai gajiyarwa. Duk abin da zan faɗa a nan na Godot 4 ne, wanda ya fara fita a watan Maris na 2023. Ka kula da wannan in kana kallon darussa a YouTube, domin umarnin Godot 3 da yawa ba sa aiki a na huɗu.

Mataki na farko: buɗe aiki

Sauke Godot daga shafinsu, ka zaɓi na gama-gari, ba mai .NET ba. Warware fayil ɗin ka danna shi sau biyu. Latsa Create, ka sa wa aikin suna, misali MatanFada, ka ba shi folda tasa shi kaɗai. Zai tambaye ka salon zane guda uku: Forward+, Mobile da Compatibility. Ɗauki Compatibility. Shi ne ke tafiya a tsofaffin laftof da ƙananan wayoyin da suka fi yawa a hannun mutanenmu, kuma wasa mai fuska biyu (2D, mai tsawo da faɗi kawai) irin namu ba ya rasa komai da shi.

Kada ka sa harafi mai lanƙwasa ko tazara a sunayen fayil. Rubuta kifi, masunci, kogi. Haruffanmu masu lanƙwasa a rubutun da ɗan wasa zai karanta za su fito.

Mataki na biyu: gane gaɓa da fage

Nan ne ya kamata ka zauna ka natsu, domin wanda ya gane wannan ya gane rabin Godot. Komai a cikinsa gaɓa ce, abin da za ka ga an rubuta Node. Kowace gaɓa aiki ɗaya ta iya. Sprite2D hoto kawai take nunawa. CollisionShape2D ita ke cewa ga iyakar jikin abu. Timer ƙirga lokaci take yi. Label rubutu take nunawa. Sai ka jera su, wata a ƙarƙashin wata, uwa da 'ya'yanta, in uwar ta motsa 'ya'yan su bi ta. Wannan jerin in ka adana shi ya zama fage, wato Scene. Masunci fage ne, kifi fage ne, kogin da za su haɗu a ciki shi ma fage ne. Amfanin haka shi ne kifi ɗaya za ka gina, injin ya yi ta fitar maka da irinsa ɗari, kuma ranar da ka gyara na asalin duk sauran sun gyaru.

Mataki na uku: masunci da homarsa

Kana buƙatar hotuna uku: mutum kwance a kan gora ana kallonsa daga sama, kifi, da ruwa. Zana su a Krita, wadda ita ma kyauta ce, ka adana su a matsayin PNG marar bango. Ko ba ka iya zane ba, da'ira da ɗan dogon ƙwai sun isa a yanzu. Kada kyan hoto ya tsayar da kai tun ba ka ga abu ya motsa ba. Jawo hotunan ka jefa cikin foldar aikin.

Buɗe sabon fage, ka sa CharacterBody2D ta zama uwa, ka canza mata suna zuwa Masunci. A gefen dama, inda ake kira Inspector, mayar da Motion Mode zuwa Floating, tunda a ruwa yake yawo ba a ƙasa yake tsalle ba. Ƙara mata Sprite2D ka ɗora hoton, sai CollisionShape2D mai siffar da'ira daidai girman goran. Sannan ƙara Area2D ka kira ta Homa, ita ma ka ba ta tata CollisionShape2D, ka matsar da ita gaban masuncin, inda hannunsa zai kai. Bambancin su biyun: jikin masunci yana bugun abu ya tsaya, ita kuwa Homa ba ta tare komai, sanarwa kawai take yi cewa wani abu ya shigo cikinta.

Yanzu je Project Settings, ka buɗe Input Map, ka ƙirƙiri ayyuka biyar: hagu, dama, sama, kasa, kama. Ɗaura wa huɗun farko kibiyoyin allon rubutu, kama kuma ka ba shi dogon maɓallin tazara. Kada ka tsallake wannan ka ce za ka rubuta sunan maɓalli kai tsaye a cikin umarni. In ka bi ta nan, ranar da za ka koma waya ba sai ka taɓa layi ko ɗaya ba.

Danna Masunci, ka latsa alamar ƙara rubutun umarni, ka rubuta wannan da GDScript, yaren Godot da ya yi kama da Python:

```
extends CharacterBody2D

var gudu = 220

func _physics_process(_delta):
	var hanya = Input.get_vector("hagu", "dama", "sama", "kasa")
	velocity = hanya * gudu
	move_and_slide()
	if Input.is_action_just_pressed("kama"):
		for kifi in $Homa.get_overlapping_areas():
			kifi.kamu()
```

Matsawar da layuka suka yi ciki da maɓallin Tab ake yin ta, kuma tana cikin ma'anar umarnin. In ta karkace, injin zai ƙi tashi. Abin da aka ce a nan kaɗan ne: duba inda ɗan wasa ya nufa, tafi can da gudun 220, in kuma ya danna kama, duk kifin da ke cikin homa a gaya masa an taɓa shi. Adana da Ctrl+S, ka danna F6. In mutuminka ya motsa, ka haye babban tudu. Ka saba da Ctrl+S tun yanzu, don ɗauke wuta ba ya sallama.

Mataki na huɗu: kifi, da dokar da ta sa wasan ya zama namu

Sabon fage, uwa Area2D mai suna Kifi, da Sprite2D da CollisionShape2D. Kafin ka rubuta komai, tsaya ka yi tunanin abin da ke faruwa a Matan Fada. Ba wanda ya tara kifi da yawa ake ba kyauta ba, wanda ya fito da mafi nauyi shi ne gwarzo. Yawancin masu koyo za su sa kowane kifi ya ba da maki ɗaya a yi ta tarawa, sai wasan ya zama irin wanda kowa ya sani. Mu dokar bikin za mu bi. Karfasa da tarwaɗa za su yi ta wucewa, kamunsu sauƙi, amma giwan ruwa jifa-jifa zai fito, kuma ba ya kamuwa da taɓawa ɗaya, sai an yi kokawa da shi. Ɗan wasa sai ya zaɓa: ya tsaya kan ƙanana, ko ya bar su ya bi babban da zai iya kufce masa.

```
extends Area2D

signal an_kama(kilo)

var nauyi = 2
var karfi = 1
var gudu = 120

func _ready():
	if randf() < 0.06:
		nauyi = randi_range(30, 70)
		karfi = 8
		gudu = 170
		scale = Vector2(2.5, 2.5)
	else:
		nauyi = randi_range(1, 6)

func _process(delta):
	position.x -= gudu * delta
	if position.x < -150:
		queue_free()

func kamu():
	karfi -= 1
	if karfi <= 0:
		an_kama.emit(nauyi)
		queue_free()
```

Abu uku ka lura da su. Na farko delta, wato ɗan lokacin da ke tsakanin zana hoto ɗaya da na gabansa. Wata waya tana zana hoto sau 60 a daƙiƙa, wata da ƙyar take kai 30. In ba ka ninka gudu da delta ba, kifin zai yi gudu a wayar mai kuɗi ya yi rarrafe a ta talaka, gasa kuwa ta lalace. Na biyu queue_free, wanda ke share kifin da ya fita daga fuska. In ka manta da shi, kifayen da ba a gani za su yi ta taruwa a ƙwaƙwalwar waya har ta yi zafi ta fara sanƙarewa. Na uku sigina. Kifin bai san inda ake rubuta maki ba, kuma bai kamata ya sani ba. Shi dai ya yi shela cewa an kama shi ga nauyinsa, mai buƙatar labarin ya saurara. Wannan tsari ne ke hana aiki cukurkuɗewa idan ya girma.

Lambobin nan, 0.06 da 8 da 170, ba wahayi ba ne. Da su za ka yi ta wasa har sai kamun giwan ruwa ya zama mai wuya amma mai yiwuwa.

Mataki na biyar: kogin

Fage na uku, uwa Node2D mai suna Kogi. Shimfiɗa hoton ruwa, ka jawo fayil ɗin masunci ka ajiye a tsakiya. Ƙara Timer mai suna SakinKifi, Wait Time daƙiƙa ɗaya, ka kunna Autostart. Ƙara wata Timer mai suna Lokaci, daƙiƙa 90, ka kunna One Shot da Autostart. A bikin gaske kusan awa guda ake ba masunta, amma mai riƙe da waya minti ɗaya da rabi ya ishe shi ya ce bari in sake. Sai CanvasLayer mai suna Allo, da Label a ƙarƙashinta mai suna Maki. Ita CanvasLayer tana riƙe rubutu a wuri ɗaya ko da kyamara ta motsa.

Ba Kogi rubutun umarni. Danna SakinKifi, ka buɗe jerin siginoninta a gefen dama, ka danna timeout sau biyu ka haɗa ta da Kogi. Godot zai rubuta maka kan aikin da kansa, kai kuma ka cika:

```
extends Node2D

var kifi_fage = preload("res://kifi.tscn")
var mafi_girma = 0

func _on_sakin_kifi_timeout():
	var k = kifi_fage.instantiate()
	k.position = Vector2(1250, randf_range(80, 600))
	k.an_kama.connect(auna)
	add_child(k)

func auna(kilo):
	mafi_girma = max(mafi_girma, kilo)
	$Allo/Maki.text = "Mafi girma: kilo " + str(mafi_girma)
```

Faɗin fuskar da Godot ke farawa da ita 1152 ne, tsayi 648, shi ya sa muke sakin kifin a 1250, can bayan gefen dama inda ido ba ya gani. Haɗa siginar Lokaci haka nan, ka sa ta tsayar da SakinKifi ta nuna sakamako. Danna F5, ka zaɓi Kogi a matsayin babban fage.

In homa tana ratsa kifi ba ta kama komai, je Debug ka kunna Visible Collision Shapes. Za ka ga siffofin karo sun fito da launi a kan hotunan, kuma galibi za ka tarar da'irar ta yi ƙanƙanta ko ta zauna a gefe. In wasan ya tsaya cak, dubi ƙasan allo, jan rubutun da ke wurin yana faɗin lambar layin da matsalar take. Karanta shi kafin ka tambayi kowa. Don kada masunci ya fice daga fuska, kewaye kogin da StaticBody2D huɗu a matsayin gaɓar ruwa.

Sauti da haruffanmu

Wasa marar sauti gawa ne. Wayarka ta isa ɗaukar ƙarar ruwa: cika bokiti, ka tsoma hannu da ƙarfi, ka yanke a Audacity, manhajar gyaran sauti. Gajerun sautuka WAV, kiɗa mai tsawo OGG, kowanne a cikin AudioStreamPlayer. In kiɗan makaɗan masunta kake so, ka same su ka nemi izini, ka biya su, ka kuma rubuta sunansu a wasan. Kada ka ciro daga bidiyon wani. Don fantsamar ruwa lokacin kamu, CPUParticles2D ta wadatar.

Rubuta ƙ da ɗ da ɓ a cikin Label ka duba a waya. In akwatuna suka fito a madadinsu, sauke Noto Sans, wanda ke da su duka, ka ɗora shi a matsayin salon rubutun wasan. Ina roƙonka kada ka saki wasan Hausa da aka rubuta "karfi" a inda ake nufin ƙarfi.

Mataki na shida: kai shi waya

A ƙarƙashin Allo ƙara TouchScreenButton biyar, kowanne ka ba shi hoto, a gurbin Action ka rubuta sunan aikinsa: hagu, dama, sama, kasa, kama. Shi ke nan, umarninka na baya zai yi aiki yadda yake. A Project Settings, ƙarƙashin Display da Window, mayar da Stretch Mode zuwa canvas_items don hoton ya dace da kowace irin fuska.

Fitarwa ita ce inda data ke tafiya, don haka ka nemi inda intanet ke da ƙarfi ka yi ta sau ɗaya. Kana buƙatar Export Templates daidai da lambar Godot ɗinka, waɗanda suka kai ɗaruruwan megabait, sai OpenJDK 17, sai Android SDK, kayan aikin da ake haɗa manhajar Android da su. Nuna wa Godot inda suke a Editor Settings. In ku da yawa ne kuke koyo tare, mutum ɗaya ya sauke, sauran su kwafa a filash. Daga nan Project, Export, Add, Android. In ya yi ƙorafin ETC2 da ASTC, wato salon matse hotuna don waya, kunna su a saitin aikin ya sake shigar da hotunan. Abin da zai fito fayil ɗin APK ne, wanda za ka iya tura wa kowa ta Xender ko WhatsApp. Hanya mafi sauri wajen gwaji kuwa: a saitin wayar ka danna Build number sau bakwai, ka kunna USB debugging, ka jona waya da kebul. Alamar Android za ta bayyana a saman Godot, dannawa ɗaya wasan ya buɗe a hannunka.

Sai gwaji na gaskiya. Miƙa wa ƙaninka ɗan shekara goma wayar, ka rufe bakinka, ka zuba wa yatsunsa ido. Za ka ga babban yatsansa ya rufe rabin kogin saboda ka sa maɓallin kama a tsakiya. Za ka ga yana danna hagu yatsan na zamewa zuwa sama saboda maɓallan sun matsu. In ya ɗago ya ce, "Yaya, wannan babban ba ya kamuwa ne?" to takwas ɗin da ka ba karfi ta yi yawa, mayar da ita biyar, ko ka rage wa kifin gudu duk lokacin da aka taɓa shi. In kuwa lokaci ya ƙare ya sake dannawa ba tare da ya kalle ka ba, wasan ya kama. Gwada a waya mafi rauni da ke gidan, ba taka ba.

Abin da ka koya a nan bai tsaya kan kifi ba. Da gaɓoɓin nan guda ake haɗa wasan koya wa yara haruffan boko da ajami, ko manhajar da ke nuna wa manomin shinkafa lokacin dashe da zuba taki. Ɓangaren fuska uku na Godot, wanda sunayen gaɓoɓinsa ke ƙarewa da 3D, zai iya gina zagayen gani da ido na wuri irin gidan tarihin Kanta, mutum yana Legas ya shiga ɗaki-ɗaki. Masu zanen gine-gine da masu shirya fim a duniya da irin waɗannan injuna suke nuna gini kafin a aza tubali. Amma ka gama wannan ƙaramin tukuna, har da fuskar farawa da maɓallin sake wasa, kafin ka taɓa wani.

In ka kai ga son sa shi a Play Store, Google na karɓar dala 25 sau ɗaya don rajistar mai haɗa manhaja, kuma fayil ɗin AAB suke karɓa, ba APK ba. Za ka ƙirƙiri makullin sa hannu, wanda Godot ke kira keystore, da kalmar sirrinsa. Ajiye kwafinsa a filash da kuma imel ɗinka, tare da kwafin foldar aikin gaba ɗaya, domin da wannan makullin za ka riƙa sa hannu a duk sabuntawar da za ka tura nan gaba.